Faifan Tsohon Masinja

Shagon na yayana ne, ba nawa ba. Yana Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin wani tela da mai facin taya, kuma faɗinsa bai wuce in buɗe hannuwana in taɓa bango biyu ba. A nan na zauna bayan na dawo daga bautar ƙasa, a shekarun farko na komawar mulki hannun farar hula, lokacin da faifan sidi ya fara ture kaset ɗin bidiyo daga ɗakunan mutane. Muna sayarwa, muna kuma ba da haya: finafinan Hausa, na Indiya, wa'azi, karatun Alƙur'ani.

Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya ɗauki nauyin karatuna har na gama. Mahaifiyarmu tana gidansa a Darmanawa, ni kuma ina kwana a ɗakin zaure. Da siyasa ta dawo sai ya shiga ayarin wani ɗan majalisa, ya daina zaman shago. Ya ce in riƙe masa na wata biyu ko uku, kafin ubangidan nasa ya sama min aiki a ma'aikata. Ya karɓi takarduna na asali ya tafi da su, wai manya ba sa duba kwafi. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce ana kan magana. Idan na ji ana ɗaukar malamai, ba ni da takardar da zan kai, ba ni kuma da wanda zan bar wa shago. Sau ɗaya na rufe da hantsi na je duba wani aiki, kafin in dawo tela ya riga ya kai masa labari. Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta ta ce kada in kunyata wanda ya tsaya min. Ban ƙara rufewa ba, sai dai lokacin sallar Juma'a.

A kan kantar shagon akwai wasu 'yan kwalaben roba masu feshi, da shuɗin ruwa a ciki. Ruwan wanke faifai ke nan. Na farko a kasuwa Yaya ya sayo su cikin kwali, da rubutun Turanci da hoton faifai yana walƙiya. Da suka ƙare sai ya shinshina ragowar ya ce ai wannan sipirit ne kawai. Daga nan ya fara haɗa nasa a tsakar gida duk ranar Lahadi da safe: sipirit daga kemis, ruwan famfo, da ɗan gutsuren bula don launi. Ni nake ɗurawa da mazurari. Ya kuma koya min abin da zan riƙa gaya wa mutane, cewa yana wanke datti, yana cike karce, yana ƙara wa hoto haske.

Maganar datti gaskiya ce. Yawancin fayafayan da ake dawo mana da su daga haya shatin yatsu ne a jikinsu, ko man ƙosai, ko miyar da ta bushe. A fesa, a goge, faifai ya tashi, mai shi ya tafi yana yabon ruwa. Amma zaman banza ya sa na gwada abubuwa da yawa, musamman idan an ɗauke wuta shagon ya zama kamar tanda. Na gano ruwan randa da ɗigon sabulu da tsohuwar singileti mai laushi suna yin duk abin da shuɗin ruwan yake yi. Na gano gara a goge daga ramin tsakiya zuwa baki da a goge ana zagayawa. Game da karce kuwa, ruwan yana kwanciya a cikinsa ne ya ɓoye shi na ɗan lokaci, da ya bushe sai karcen ya dawo yadda yake. Na san duk wannan, kuma kullum abin da aka koya min nake faɗa.

Wata rana bayan azahar wani dattijo ya jingine kekensa a ƙofar shagon ya yi sallama. Na san fuskarsa, don ta gabanmu yake wucewa. Tsohon masinjan kotu ne da ya yi ritaya, gidansa yana Tarauni. Dogo ne siriri, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya zaro faifai daga aljihun gaban rigarsa, naɗe cikin farin hankici, ya ce maƙwabcinsa ya gaya masa muna da maganin faifai mai tsayawa.

Ba na kamfani ba ne, irin wanda ake kwafa a kwamfuta ne, an yi rubutu a bayansa da alƙalamin maka. Na saka a na'urarmu. Walimar saukar Alƙur'ani ce ta 'yarsa: tabarmi a ƙofar gida, ɗalibai mata da fararen hijabai, malami yana sauraron yarinya tana karanta allonta. Daga nan mai kyamara ya shiga tsakar gida wajen mata. Sai ga wata mata ta sunkuya tana kwashe shinkafa daga tukunya zuwa kula, ta ba kyamara baya. Wata ta kira ta, ta fara ɗagowa, sai hoton ya farfashe, murya ta sarƙe tana nanata gaɓa ɗaya, sannan komai ya tsaya cak.

"Uwar yarinyar ce," in ji shi. "Bara ta rasu. A nan take juyowa."

Ya ce duk zamansu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. A ranar ma sai da ta yi wa mai kyamarar faɗa, tana jan mayafi tana dariya, kuma wannan faɗan da dariyar yake so ya ƙara gani. Da can faifan yana wucewa lafiya, sai jikokinsa suka zo hutu suka yi wasa da shi a kan siminti. Na tambaye shi kaset ɗin asali. Ya ce ya je wajen wanda ya ɗauka, mutumin ya ce tuni ya ɗora wani biki a kai.

Na juya faifan a hasken ƙofa. Karcen mai lanƙwasa ne, yana bin zagayen faifan, irin wanda ya fi kowanne wuya. Na san ruwanmu ba zai yi masa komai ba. To a ranar Yaya yana shagon, ya biyo ya huta kafin wani taro, yana kan benci yana danne-danne a sabuwar wayarsa. Ya ɗago ya ce wa dattijon ya zo inda ya dace. Ya ce in ba Baba kwalba ɗaya, ya riƙa fesawa safe da yamma har kwana bakwai, kamar likita yana rubuta magani. Na miƙa kwalbar, na haɗa da 'yar auduga.

Bayan mako guda dattijon ya dawo. Ya ce ya bi ƙa'ida, har yana ganin kamar ranar Laraba matar ta ɗan ƙara ɗagowa, ko kuma idonsa ne. Yana son kwalba ta biyu. Wannan karon Yaya ba ya nan, babu abin da ya hana ni faɗin gaskiya. Amma faɗarta yana nufin in ce na yaudare shi, yayana ma ya yaudare shi, ga shi bangon da ke tsakaninmu da tela na falanki ne, ko tari na yi yana ji. Sai na zaɓi wata hanya da na ga kamar za ta wanke ni ba tare da na buɗe baki ba. Na ce ya bar min faifan, zan yi masa babban gyara da hannuna.

Ya daɗe yana riƙe da shi. Ya kalli cikin shagon, ya kalli tarin fayafayan haya da ke zube a kwali.

"Ɗana, shi kaɗai ne fa."

"Na sani, Baba. A wajena zai zauna."

Ya ba ni har da hankicin.

Ina da wata dabara da na sha gwadawa a kan fayafayan haya: farin man goge baki, a shafa da ɗan yatsa a hankali, ya ɗan ci bakin karcen, a ɗauraye. Idan karcen bai yi zurfi ba yana yi. Washegari da safe na yi wa na Baba. Da na saka sai hoton ya wuce inda yake tsayawa da ɗan kaɗan. Na ga kuncinta, da kunnenta, da ɗan kunne mai kamar ganye, sannan ya sake farfashewa. Na miƙe tsaye ni kaɗai a shagon. Tun da na fara zama a wurin ban taɓa jin na yi wani abu mai amfani ba sai ranar. Na sake shafawa, na sake, amma bai ƙara ko motsi ba.

Tela ya leƙo ya ga abin da nake yi. Ya ce ai man goge baki wasa ne, in nemi man da masu kaki suke goge tagullar bel ɗinsu da shi, yana da ragowa a wani gwangwani. Na gwada a kan wani tsohon fim ɗin Indiya, ya yi kyau. Sai na kifa faifan Baba a kan kanta, na ɗiga man, na danne shi da hannun hagu ina dirza da na dama. Na dirza sosai, don ina ganin karcen yana dusashewa. Ban lura man ya gangara ta ramin tsakiya ya shiga ƙarƙashi ba. Da na ɗaga faifan sai na ga wata 'yar fata mai ƙyalli, kamar girman farcen babban yatsa, ta manne a jikin kanta. Bayan faifan ne ya saɓule, kusa da tsakiya. Na ɗaga shi sama, na hango hasken titi ta cikinsa.

Na saka a na'ura duk da haka. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta rubuta cewa babu faifai a cikinta. Tabarmin, da ɗaliban, da bayan matar, duk babu.

Kwana tara na yi ina yi wa dattijon nan ƙarya. Kullum bayan la'asar zan hango kekensa ya karyo kwana daga wajen Tarauni, kuma ba ni da inda zan shiga. Shagon ƙofa ɗaya gare shi. Na ce babu wuta ban gwada ba. Na ce sai maganin ya kwana uku yana ratsa shi. Na ce idon na'urarmu ne ya yi datti. Bai taɓa matsa min ba. Yakan zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi ta ba ni labarin aikinsa, yadda yake kai sammaci ƙauyuka a kan wannan keken, yadda wani ya taɓa shiga rumbu don kada ya karɓi takarda, shi kuma ya zauna a gindin rumbun ya ci guzurinsa har mutumin ya gaji ya fito. Yana faɗa yana dariya. Ni ma ina yi, alhali faifan yana cikin aljihun teburin da na jingina da shi. Har yau ban sani ba ko ya gane tun a lokacin.

Abinci ya daina shiga. Inna ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce zafin shago ne. A rana ta shida na gaya wa Yaya komai, na roƙe shi ya bar ni in rufe na awa ɗaya in kai faifan wajen masu kwamfuta a titin gidan zu, wato gidan namun daji. Ya ce ba a rufe shago saboda faifai ɗaya. Ya ce in gaya wa tsohon dama a mace ya kawo shi, in ba shi faifan wa'azi kyauta, shi ke nan. Ya kuma ce da na tsaya a kan ruwan kamar yadda ya umarce ni da ban shiga wannan ba, kuma a nan ɗin gaskiya ya faɗa.

Ranar Juma'a, ana sallamewa ban koma shago ba, na hau acaɓa zuwa titin gidan zu. Na sami wani shagon buga takardu da injinsu na wuta yake aiki. Wata mata ce a gaban kwamfutar, da yarinyarta goye a baya. Ta saka faifan, ta jira, ta fitar, ta duba bayansa. Ta tambayi yadda yake kafin ya saɓule, na kwatanta mata. Ta ce da a lokacin na kawo, da wataƙila kwamfuta ta kwashe shi a hankali zuwa sabon faifai, ta tsallake wurin karcen kawai, abin da ke bayansa ya fito. Ta ce suna yin irinsa, wani ya yi, wani bai yi ba. Yanzu kuwa wurin da ya tafi shi ne inda na'ura take fara karantawa, ita dai ba ta san wanda zai iya ba. Daga shagonmu zuwa nata, a ƙafa ma ba wata tafiya ba ce.

Washegari da Baba ya zo ban bari ya zauna ba. Na fito da faifan a cikin hankicinsa na ajiye a kan kanta, na gaya masa abin da na shafa, da yadda na danne, da abin da matar ta ce. Na ji keken ɗinkin tela ya tsaya. Baba ya warware hankicin, ya gyara tabarau, ya ɗaga faifan ya kalli wurin da haske yake ratsawa. Ya yi salati a hankali, sau biyu.

"Shuɗin ruwan ne ya fara cin sa?"

"A'a, Baba. Ni ne. Ruwan ba ya ɓata faifai, ba ya kuma gyara karce."

"Ka san haka ranar da ka miƙo min?"

"Na sani."

Can ya ce akwai wata safiya da ya manta bai fesa ba saboda ya tafi jana'iza, kuma tun daga ranar yake zargin kansa ko shi ya karya maganin. Sannan ya zauna a bencin, ya tambaye ni, tunda na ce hoton ya ɗan matsa gaba kafin ya lalace, me na gani. Na gaya masa: kunci, kunne, ɗan kunne mai kamar ganye. Ya tambaya ko ta fara dariyar. Na so in ce ta fara. Na ce ban kai wurin ba. Ya gyaɗa kai, ya ce 'yan kunnen suna wajen 'yarsa yanzu.

Ya naɗe faifan ya mayar aljihu. Da ya kama kan kekensa sai ya juyo.

"Na faifan na yafe maka, gyara ka nufa. Na ruwan kuwa, ba ni kaɗai ka sayar wa ba."

Bai hau keken ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Ranar Lahadi da safe Yaya ya fito da sipirit da bula kamar kullum. Na ce masa ni dai ba zan ƙara cewa yana cike karce ba. Ya ce babu wanda aka tilasta wa saye, mutane ne suke so, kuma idan ba mu sayar ba na gaba da mu zai sayar. Ya ce da na fara kawo shinkafa gidan nan sai in zaɓi abin da za a ajiye a kan kanta. Inna tana bakin ƙofarta tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na ɗauki mazurari na ɗura kwalaben.

Abin da na iya canzawa kaɗan ne. Idan Yaya ba ya nan, nakan ce wa mai saye na datti ne kawai, kuma ruwa da sabulu ma suna yi. Idan aka kawo faifan biki ko na suna ko na walima, ba na taɓa shi, sai in kwatanta shagon matar nan in ce a je a kwafa tun yana tashi. Wasu suna zuwa. Da yawa ba sa yarda da ni. Wani direba ya taɓa yin fushi, wai ina ɓoye mai kyan ne don manyan mutane, sai da na ba shi kwalba biyu ya tafi. Tela ya kai wa Yaya labarin yadda nake kashe masa kasuwa, aka yi min faɗa a gaban Inna, na ba da haƙuri, washegari na buɗe shago da ƙarfe takwas.

Baba ya ci gaba da wucewa ta gabanmu. Yakan ɗaga hannu, in ɗaga, amma bai ƙara jingine kekensa a ƙofarmu ba. Na sha shirya zuwa gidansa in gaishe shi, sai in tuna ban san lungun ba, kuma lokacin da nake rufewa magariba ta yi. Da damina ta wuce na daina ganinsa. Mai facin taya ne ya ce min ya sayar da keken, ya koma wajen 'yarsa a wani gari, don idonsa ya yi rauni. Ni kuwa sai da na ƙara shekara ɗaya da rabi a shagon.